Haɗa Janareta da Wayarin Gida a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Sana'ata wayarin ce, kuma daga lungunan cikin gari har zuwa sababbin unguwanni irin su Rijiyar Zaki, Ɗanbare da Hotoro, da wuya in shiga gida ban ga inji a ajiye ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane sun rage tayar da shi, wasu sun koma sola, amma idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, ga azumi idan ya faɗo a lokacin, ga yara suna kuka da dare, sai ka ji unguwa ta ɗauki ƙara. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu gida, matan aure da 'yan haya suka fi yi mini. Na amsa su yadda nake amsa wa mutum idan muna tsaye a gaban akwatin fis ɗinsa.

Injiniya, me zai hana in soka wayar inji a soket ɗin ɗaki, tunda wutar tana zagaye gidan duka?

Tana zagayewa, wannan gaskiya ne, shi ya sa dabarar ta yaɗu. Mutum ya samo waya ya sa mata fulogi a kowane ɓangare, ɗaya a jikin inji, ɗaya a soket ɗin bango, sai ƙwai ya kama, fanka ta juya. Amma wayar ba ta san inda gidanka ya ƙare ba. Hanyar da wutar NEPA take bi ta shigo maka, ta nan wutar injinka za ta bi ta fita, ta ratsa mita, ta hau falwaya.

Abin da ke faruwa a can waje shi ne abin tsoro. Taransifomar unguwa aikinta ta karɓi bolt 11,000 ta sauke shi zuwa wanda muke amfani da shi, wato kusan bolt 230 a layi ɗaya, ko 400 da ɗoriya tsakanin layi da layi. Idan aka ba ta wuta ta baya, sai ta yi aikin a juye, ta ɗaga ƙaramar wutar zuwa dubban bolt. Sau da yawa ƙaramin inji yakan shaƙe ya mutu saboda yana ƙoƙarin ciyar da unguwa guda, amma idan waya ta tsinke a wani wuri, ko an cire fis a taransifoma don a yi gyara, babu nauyin da zai kashe shi, wutar tana nan a kan layin. Ma'aikacin kamfanin wuta na KEDCO da ya hau tsani ya tabbatar an kashe layi daga can sama. Bai san akwai wani a lungu na uku da ya tayar da inji ba. Ko bolt 230 ɗin kaɗai ya isa ya tsayar da zuciyar mutum, balle yana kan tsani. Haka yaron da ya taka wayar da iska ta yar a hanya bayan ruwan sama.

Sai hatsari na biyu, wanda ke cikin gidanka. Fulogin da ke ɗaya ɓangaren haƙoransa a waje suke. Idan inji yana aiki yaro ya fizge shi daga bango, ƙarfe ne tsirara mai ɗauke da wuta a hannunsa. Ga shi kuma soket ɗin da muke amfani da shi a Najeriya amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, kusan wat 3,000 ke nan. Ka tura nauyin gida duka ta wannan 'yar ƙofa, sai ta yi zafi, robar ta narke a cikin bango inda ido ba ya gani.

Ai ni ina cire katawut ko in kashe babban makunni kafin in tayar. Wannan bai isa ba?

Ya isa a ranar da ka tuna. Ni damuwata ranar da ka yi tafiya Abuja, uwargida ta ce wa yaron gida ya tayar, ko ka dawo a gajiye ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Tsarin da lafiyarsa ta rataya a kan kada ɗan Adam ya yi mantuwa, wata rana zai ci mutum.

Na taɓa zuwa wani gida a wajen Kurna inda hakan ta faru. Maigidan shekara da shekaru yana cire katawut da hannunsa, bai taɓa kuskure ba. Ranar da ya kwanta rashin lafiya ƙaninsa ya tayar da injin, aka kawo wuta ana cikin kallo. Wuta biyu suka haɗu, bugunsu bai zo ɗaya ba. Koyil ɗin injin ya ƙone, firji da talabijin suka tafi, wayar da ke cikin silin ta yi baƙi ƙirin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Kuɗin da ya kashe a gyara ya ninka kuɗin canjoba sau da yawa.

To mece ce canjoba, kuma a ina ake ɗaura ta?

Makunni ne mai sauya layi. Yana da ƙofa biyu ta shiga, ɗaya ta NEPA ɗaya ta inji, da ƙofa ɗaya ta fita zuwa gida. An ƙera shi yadda hannun ba zai taɓa kama ɓangare biyu a lokaci guda ba: ko sama, ko ƙasa, ko tsakiya inda babu kowa. Ko yaro ne ya ja hannun, ko wanda bai san komai ba, ƙarfen da kansa ya hana wuta biyu haɗuwa. Duk abin da zan faɗa a wannan shafi, idan mutum ya riƙe wannan ɗaya, ya riƙe rabin maganar.

Jerin kuwa haka yake: waya ta sauko daga falwaya, ta shiga katawut, ta shiga mita, daga mita ta shiga canjoba, daga canjoba ta shiga akwatin birekoki, sannan ta rarrabu zuwa ɗakuna. Wayar inji tana shiga canjoba ne kai tsaye ta tata ƙofar. Abin da ke gaban mita, wato daga falwaya zuwa mitar, hurumin kamfanin wuta ne, kada mai wayarin ya taɓa shi da sunan yana haɗa maka inji.

Wace iri zan saya? Na je France Road na ga iri-iri.

Akwai mai wuƙa, wadda ƙarafunanta suke a buɗe ko da 'yar murfin roba. Ita ce mafi arha, kuma ita ce ba na so a gidan da ke da yara, domin tana tartsatsi, haƙoranta suna saki da daɗewa, hannu kuma yana iya kaiwa ga ƙarfen. Akwai ta cikin akwatin ƙarfe mai hannu a gefe, akwai mai murɗawa. Waɗannan biyun su nake ba da shawara ga yawancin gidaje. Sai mai sarrafa kanta, wadda ke gane an ɗauke wuta ta sauya, wani lokaci har ta tayar da injin. Tana da daɗi, amma sai a tabbatar tana da kulle na ƙarfe tsakanin kwantaktocin biyu, wato makunnan da ke cikinta masu kama layi da kansu, ba na lantarki kaɗai ba, saboda kwantakta tana iya mannewa. Irin waɗanda ake haɗawa a shago da kwantakta biyu ba kulle, ni ba na sa hannuna a kansu.

Wajen girma, kada ka auna da injinka kaɗai. Wutar NEPA ma ta cikinta za ta bi, kuma lokacin ne ake kunna dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki gaba ɗaya. Ƙaramin gida mai layi ɗaya yawanci amfiya 63 ta wadatar, ɗaki da falo 32 tana iya yi, babban gida 100 ko fiye. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka duba ƙarafunan ciki jan ƙarfe ne ko fenti.

Mai wayarin ya ce layif kawai zai yanka, nutural ya bar shi a haɗe don a rage kuɗi. Akwai matsala?

Akwai. A gida mai layi ɗaya canjoba ta yanke waya biyu, layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita. A mai layi uku ta yanke huɗu. Dalili kuwa nutural ɗin unguwanninmu ba abin dogaro ba ne: yana tsinkewa, ana sace shi, wani lokaci a falwaya a juya shi da layif bayan gyara. Idan ka bar shi a haɗe, injinka bai rabu da layin waje ba ke nan. Ka tsaya a kansa ya nuna maka wayoyi biyun sun shiga.

Mitata mai kati tana cin kuɗi ko da inji nake amfani da shi. Me ya jawo?

Kusan kullum haɗin ne ba daidai ba. Ko an shigar da wayar inji kafin mita, wutarka tana ratsa ta tana ƙirgawa, ko ana amfani da dabarar soket ɗin nan, ko an bar wata waya a haɗe. Idan canjoba tana bayan mita kuma ta yanke wayoyin duka, mitar ba ta ma san ka tayar da inji ba. Wannan alama ce mai kyau a kula da ita, domin mitar da ke ganin wutar inji tana gaya maka wutar tana da hanyar fita waje.

Wane girman inji ne zai ɗauki gidana?

Ka zauna da takarda ka rubuta abin da za ka kunna a lokaci guda. Ƙwan zamani mai cin wuta kaɗan wat 10 zuwa 15 ne. Fankar sama 60 zuwa 80. Talabijin kusan 100. Firji 100 zuwa 200. Waɗannan duka ba su da nauyi. Masu nauyin su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga wat 1,000 zuwa sama, butar lantarki wajen 2,000, hitar ruwa haka.

Sai masu mota a ciki, wato firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki da sumo na rijiyar burtsatse. Waɗannan a daidai lokacin tashi suna fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da suke ci idan sun daidaita. Shi ya sa za ka ga inji yana ɗaukar gida lafiya, da an kunna sumo ya yi gurnani ya durƙushe. Ka kuma lura da rubutun jikin inji: akwai ƙarfin da yake iya kaiwa na ɗan lokaci, akwai wanda yake iya riƙewa yini guda, kuma babban adadin da ake mannawa a tanki yawanci na farkon ne. A manyan injinan dizal, kVA 10 tana nufin kusan kilowat 8. Ni ƙa'idata kada nauyi ya wuce kashi 80 cikin 100 na abin da inji ke iya riƙewa, balle a zafin Kano da inji ke wahalar hucewa.

Dabara mai kyau ita ce a raba akwatin birekoki gida biyu tun farko. Layin ƙwai, fanka, firji da soket ɗin caji su bi ta canjoba. Layin hita, murhun lantarki da na'urar sanyaya ɗaki su tsaya a kan NEPA kaɗai. Da haka ko baƙo ya kunna hita a banɗaki, injinka bai ji ba.

Wace waya zan ja daga inji zuwa canjoba?

Inji mai kVA 2.5 yana ba da kusan amfiya 11, mai kVA 5 kusan 22. Na farkon waya mai milimita 2.5 ta ɗauke shi, na biyun a sa 4, idan tazarar ta yi nisa a ƙara zuwa 6, saboda wuta tana raguwa a doguwar waya. Ta zama mai cibiya uku, wato wayoyi uku a cikin riga ɗaya mai kauri, ko a zura ta a bututu. Siririyar wayar nan ja da baƙi da ake jona rediyo da ita ba ta wannan aiki ba ce, haka waya mai gaɓa-gaɓa da aka ɗaure da leda.

Kasuwa cike take da jabu. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: idan cikin ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Ka nemi wadda aka yi a Najeriya mai tambarin NIS na hukumar SON, ka saya a shagon da za ka iya komawa. A bakin injin kuma a yi amfani da fulogin da ya dace da soket ɗinsa, kada a cusa waya tsirara a tokare da tsinken ashana. Launuka: a tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutural, a sabo ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore da rawaya na ati ne, wato wayar da ke zuwa ƙasa.

Atin nan da ake ta magana, dole ne?

Dole ne. Idan waya ta goge a cikin inji ko firji ta taɓa jikin ƙarfen, ati ne ke ba wutar hanyar gudu zuwa ƙasa don bireka ta faɗi. Idan babu shi, jikin wanda ya fara taɓawa ne hanyar, kuma a gidajenmu wannan yawanci mace ce da ta fito daga wanke-wanke da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. A jikin inji akwai ƙusa mai alamar ati, a ɗaure ta da atin gidan.

Ƙasar Kano a rani busasshiya ce, sanda ɗaya gajera ba ta cika yin aiki ba. A kafa ta inda ke da danshi, a zurfafa, in ta kama a ƙara ta biyu. Mun saba zuba gawayi da gishiri, yana taimakawa, amma gishiri yana cin ƙarfe, don haka a riƙa dubawa. Tare da ati a sa na'urar nan da muke kira ELCB, mai yanke wuta da zarar ta ji miliamfiya 30 ta ɓace. Ga wani abu da ake yawan tsallakewa: ƙananan injina da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da jikinsu ba, don haka ELCB tana iya yin aiki a kan NEPA ta ƙi yi a kan inji. Mai wayarin ya duba wannan, ya yi haɗin a ɓangaren inji idan ana buƙata, ya gwada a gabanka a kan wuta biyun.

Ina zan ajiye shi? Idan na bar shi a waje ɓarayi za su ɗauke.

Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi a wurina, domin hayaƙin inji yana kashe iyali guda a dare ɗaya, kuma kusan kullum tsoron ɓarawo ne ke jawowa. A cikin hayaƙin akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji na mai ne da sauran ƙazanta, ita kanta ba a jin ta. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, ninki sama da 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne ke ƙara nauyi.

Saboda haka ba a tayar da inji a ɗaki, ko kicin, ko banɗaki, ko ƙarƙashin bene, ko gareji, ko shagon da aka ja ƙofarsa. Zaure ma ɗaki ne. Na sha ganin an sa inji a soro an ce ai ƙofa a buɗe take, alhali iskar tana tura hayaƙin cikin gida, ga almajirai ko samari suna kwana a wurin. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya magance wannan. Masana lafiya suna cewa a nisanta shi kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna.

Na san gidajen cikin gari, a Yakasai ko Fagge ko Ƙoƙi, wani gidan duka faɗinsa bai kai haka ba. A irin wannan sai a nemi wuri mafi buɗewa ga sama: tsakar gida can nesa da tagogi, ko saman dakali a waje, ko rufin kankare idan akwai. A rufe tagar da ke kusa. Kada a sa shi a siririn lungun da ke tsakanin katanga da bayan ɗaki, domin nan hayaƙi ke taruwa ya shiga ta taga ko ta silin. Ka kuma duba inda salansar ta dosa, kada ka kawar da hayaƙi daga ɗakinka ka tura shi tagar maƙwabci. Haƙƙinsa yana wuyanka. Idan gida ya matse ƙwarai, gaskiyar magana a kashe inji kafin a kwanta, a yi cajin fanka mai batir da ita za a kwana.

Maganin ɓarawo kuwa yana wurin mai walda. A yi keji na rodi mai buɗaɗɗen gefe huɗu, a kafa shi da kankare, a yi masa rufin kwano, a sa kwaɗo. Kada a gina masa ɗaki da bulo a toshe, zai yi zafi ya lalace, kuma wanda ya shiga kashe shi zai shaƙa. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iska, girman tafin hannu. Wanda ya samu ya rataya a kusa da ɗakin barci.

Ta yaya zan gane hayaƙi ya fara kama mutane, kuma me zan yi?

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, rikicewar tunani. Yana kama da zazzaɓin cizon sauro, sai dai babu zafin jiki. Babbar alama ita ce mutane biyu ko uku a gida ɗaya su kamu lokaci guda inji yana aiki, su ji sauƙi idan sun fita waje. Yara, tsofaffi da mai juna biyu su ya fi saurin kayarwa.

A fitar da kowa sarari nan take, a kashe injin, a buɗe ƙofofi. Wanda zai shiga ɗauko mutum ya fara buɗe ƙofa da taga, kada ya daɗe a ciki. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Murtala ko na Malam Aminu Kano ko duk wanda ya fi kusa, a faɗa wa likita hayaƙin janareta ne, domin maganin iskar oksijin ce. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki yana iya shaƙe shi. Ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi a duba.

Wane tsari zan bi wajen tayarwa da kashewa?

An ɗauke wuta: ka mayar da canjoba tsakiya, ka kashe manyan kaya, ka duba baƙin mai, ka tayar da inji ba nauyi, ka bar shi minti biyu ya daidaita, sannan ka ja hannu zuwa ɓangarensa. Ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi a fara da shi. An kawo wuta: ka ɗan jira mintuna ka ga ta zauna, don ta kan zo da ƙarfi ko ta koma nan take. Ka sauya canjoba, ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu ba nauyi, ka kashe. Kada a kashe inji ko a bar mai ya ƙare masa kaya suna kai, wannan faɗuwar wutar tana lalata firji da na'urar daidaita wuta ta injin.

Don sanin an kawo wuta, a sa ƙwan shaida ko 'yar jiniya a ɓangaren NEPA na canjoba, da nata ƙaramin fis.

Zan iya ƙara mai yana aiki? Kashewa da tayarwa wahala ne.

A'a. Tururin fetur ne ke kamawa, kuma salansa mai zafi ko tartsatsi ɗaya ya isa. Ka kashe, ka bar shi ya huce kamar kwata na awa, ka zuba da mazurari, ka goge abin da ya zube. Haske da tocila, ba ashana ko kyandir ko fitilar ƙwai ba. Jarkar mai kuma ba a ajiye ta a kicin, ko ɗakin kwana, ko gefen inji, kuma ba a zuba fetur a gorar ruwa ko ta lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Idan wuta ta kama, ruwa yana watsa fetur ne ya ƙara yaɗa ta. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Gidan haya nake, mu shida muke mita ɗaya. Yaya zan haɗa nawa?

Canjoba taka ta zauna a kan wayar da ta shiga ɗakinka kaɗai, bayan inda aka raba wa kowa. A tsofaffin gidajen haya sau da yawa nutural ɗaya ne ya zagaye ɗakuna, wani lokaci ƙwan tsakar gida ma daga ɗakin wani aka ja shi, don haka sai mai wayarin ya bi layin ya ware naka sarai. Ka sanar da mai gidan kafin a fara. Idan abin ya gagara, ka bar wayarin bango gaba ɗaya, ka ja waya mai kauri daga inji zuwa soket mai baki da yawa, ka jona fanka da talabijin a nan kai tsaye. Wannan halal ne, ba ya taɓa layin kowa.

Haka hukuncin yake ga wanda ke ba maƙwabci layi don zumunci, da wanda ke shan wutar maja a shago ko gida. Duk wuta ta biyu da ta shigo gini, ta shigo ta canjoba. Idan ka ba maƙwabci layi ya soka a soket ɗinsa, injinka ne ya hau falwaya ta gidansa.

Ina da sola da inbata. Inji zai shiga cikin tsarin?

Zai shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce canjoba ta zaɓa tsakanin NEPA da inji, abin da ya fito ya shiga ƙofar shigar wuta ta inbata. Kuskuren da ke ƙona inbata shi ne wutar inji ta haɗu da ƙofar fitarta. Ka kuma rage ƙarfin cajin batir a saitin inbata idan injin ƙarami ne, in ba haka ba caji kaɗai zai cinye shi. Wasu inbatocin suna ƙin karɓar wutar ƙaramin inji saboda saurin bugunta bai tsaya daidai a kan 50 a daƙiƙa ba; wannan sai a duba gudun injin, ba a tilasta ba.

Damina da hunturu fa?

Ruwa da inji ba sa haɗuwa. A ɗora shi a kan dakali inda ruwa ba ya kwanciya, da rumfa a sama, gefe a buɗe. Kada a lulluɓe shi da leda ko buhu yana aiki, kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a riƙa wanke soson iska akai-akai, don idan ya toshe inji yana shan mai da yawa, hayaƙinsa kuma ya ƙaru. Baƙin mai a bi abin da takardar injin ta ce; yawanci sabon inji ana canza masa bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100.

Wa zan kira ya yi aikin, kuma yaya zan san ya yi daidai?

Makanikin janareta daban, mai wayarin daban. Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaida a Najeriya, kuma babu laifi ka tambayi mutum ko yana da ita, ko ka je ka ga aikin da ya yi a wani gida. Idan ya gama kada ka sallame shi sai an yi gwaji a gabanka. A tayar da inji lokacin da babu NEPA, a sa canjoba a ɓangaren inji, ya ɗora mitar awo a kan wayoyin ɓangaren NEPA: ya kamata ta nuna sifili, tsakanin layif da nutural, da kuma tsakanin kowannensu da ati. A danna maɓallin gwaji na ELCB a ga ta faɗi. A kunna kaya na rabin awa a taɓa rigar waya da murfin canjoba a ji ko sun yi zafi. Ya rubuta NEPA da INJI da fenti a jikin akwatin.

Malam, ni ce a gida kullum, maigida yana kasuwa. Idan wuta ta kama yaro me zan yi?

Hajiya, kada ki taɓa shi da hannu, za ta haɗa da ke. Ki ruga ki mayar da canjoba tsakiya, wannan yana yanke duk layin da ya bi ta cikinta, ko NEPA ce ko inji; idan akwai inbata ko layin da aka bari a kan NEPA kaɗai, sai kin kashe nasu makunnin ma. Shi ya sa nake roƙon a ɗaura ta inda babba zai kai hannu ba sai ya taka kujera ba, kada a kulle ta a ɗakin da mukullinsa ke aljihun maigida, kada kuma a jibge kaya a gabanta. Idan a jikin injin ne ko wayarsa abin ya faru, injin za ki kashe, don canjoba ba ta yanke wannan ɓangaren. Idan makunnin ya yi nisa, ki tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, ki ture wayar da busasshiyar muciya ko sandar katako. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi a rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa, wani ya nemo mota. Ko ya tashi yana wasa a kai shi asibiti, domin wuta tana iya taɓa bugun zuciya ba tare da ta bar tabo a fata ba. Yau ɗin nan idan maigida ya dawo, ki ce ya nuna miki hannun canjoba da makashin injin, ki gwada da hannunki sau biyu, manyan yaran ma su gwada.